Idan An Miƙa Maka Makirfo a Birnin Kudu

Ko ba daɗe ko ba jima sai an kira sunanka. Wataƙila a taron iyaye da malamai ne, ko walimar saukar karatu a Gwaram, ko ranar da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu suka hallara, makarantar nan da Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta. Mai gabatarwa zai ce, "Yanzu Malam wane zai ɗan tofa albarkacin bakinsa," sai ka ji gwiwoyi sun kama rawa, maƙogwaro ya bushe ƙayau. Kada ka damu, haka jiki yake yi wa kowa. Kurɓi ruwan leda, ja numfashi a hankali, ka miƙe. Babbar riga za ta rufa wa gwiwa asiri. Hajiya, ke ma mayafi zai yi miki wannan aikin.

Da ka karɓi makirfo, don Allah kada ka busa shi, kada ka ƙwanƙwasa masa kai kana "ana ji na?" Yaron da ya kawo lasifikar haya ya riga ya gwada, kuma idonsa na kanka, domin kayan ubangidansa ne. Bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da bakinka. Kada kuma ka tsaya a gaban lasifika: muryarka za ta fito ta sake komawa cikin makirfo, sai ka ji ƙarar nan mai tsinka kunne, jarirai su tashi da kuka tun ba ka ce komai ba.

Sai gaisuwa, kuma a nan ne ake asarar yawancin jawabanmu. Mu masu gaisuwa ne, ba wanda zai ce ka tsallake ta. Yi sallama, ka ce wa Hakimi ranka ya daɗe, Liman Allah gafarta Malam, ka gaida shugaban ƙaramar hukuma, iyayenmu mata, da sauran jama'a. Shi ke nan. Amma sai ka ga mutum ya ɗauko kansiloli ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da kirarinsa, ya zarce kan wakilin wanda bai zo ba, har da wanda ya rako wakilin. Idan kai ne mai magana na bakwai, ka tuna an riga an gaida Hakimi sau shida, kuma duk ya amsa lafiya lau. Waɗanda ke bayan rumfa, da ba su sami kujerar roba ba, rana ce take dukansu. Sun bar gona, sun rufe shago, sun ba ka lokacinsu. Su suka fi bin ka bashin tausayi.

Ka zo da magana guda, wadda mutum zai iya ɗauka ya kai gida. Malam Aminu Kano ya shekara da shekaru yana yi wa talakawa magana kan haraji da jangali, abin da kowane manomi da makiyayi ya san zafinsa a aljihunsa. Da Alhaji Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a 1979 ya soke su, lokacin Birnin Kudu na cikin jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991.  Saƙon Malam Aminu gajere ne, shi ya sa ya zaga ƙauyuka da ƙafafun mutane. To, kai ma in rufin aji ka zo nema, ka faɗi bandir nawa na kwano ake buƙata, da kuɗinsa, da wanda zai karɓa. In kan taki ne, ka yi lissafi da buhu. Ka ajiye Turancinka a aljihu: tsohuwar da ta taho daga Sara ba ta biya kuɗin mota don ta ji shi ba.

Kada ka karanta takarda baki ɗaya kanka a sunkuye, mu ba hularka muka zo kallo ba. Rubuta kalmomi uku ko huɗu a ƙaramar takarda, ka ɗaga ido. Masu sauraron marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, sun san yadda yake ɗan dakatawa bayan magana mai nauyi, ya bari ta zauna a zuciya kafin ya ɗora wata. Wannan kam kowa zai iya koya, ba ya buƙatar zaƙin murya.

Gwaji ya zama dole. In kana kunyar mutane, nufi Dutsen Habude ka yi wa shanun da mutanen zamanin da suka zana a jikin dutse jawabinka. Ba za su tashi su bar ka ba. Amma wanda ya fi shi ne ka naɗi muryarka a waya ka saurara, ka ƙirga sau nawa ka ce "wato" da "ka gane." Daga nan ka tsayar da ƙanwarka ta ji. Ita ba za ta ɓoye maka komai ba.

"Daga ƙarshe" sau ɗaya ake faɗinta. Da ka furta ta, mutane sun fara laluben takalmansu, kuma alkawari ka ɗauka. Ka riƙa lura da alamu: maza sun ciro waya, mata sun ƙara saurin fifita, mai gabatarwa ya matso kusa da kafaɗarka yana murmushi. In kuwa ka hango an shigo da kulolin shinkafa, ko ladan ya gyara murya, to ko a tsakiyar zance kake, yi godiya, yi addu'a gajeriya, ka miƙa makirfo ga mai shi.