Alhaji Ya Zaɓi Fatawa Mai Sauƙi

To 'yan gardamar Sabon Gari da Fagge, masu cewa ciwon suga dabarar masu sayar da magani ce, na ji sabuwar hujjarku: wai su kansu likitocin duniya bakinsu bai zo ɗaya ba. Kun yi gaskiya, amma rabinta kuka ɗauko.

Mutum ya kwana bai ci komai ba na awa takwas, a gwada sukarin jininsa da safe a ga 105. Ƙungiyar likitocin ciwon suga ta Amurka za ta ce yana bakin kamuwa, domin tun 2003 ta sauko da iyakarta daga 110 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi bin ta, ta tsaya a 110. Haka gwajin HbA1c, wanda ke tona asirin sukarin wata biyu zuwa uku: Amurka na fara jan kunne daga 5.7, Ingila sai an kai 6.0.

Na san abin da Alhajin Kantin Kwari zai ce: "To ni Hukumar Lafiya nake bi." Sannu Alhaji, an iya zaɓen fatawa mai sauƙi! Yaushe ka fara ƙaunar Majalisar Ɗinkin Duniya haka? Saɓanin nan a kan lokacin gargaɗi ne kurum. Amurkawa sun ce gara a tashi mutum da wuri. Wasu sun ce layin 100 ya kwaso jama'a da yawa waɗanda ba lallai su kamu ba. Amma da an kai 126, aka sake gwadawa wata rana aka kuma samu, gardama ta ƙare, kowa ciwon suga yake kiransa. Mai 105 kuwa, ko wa ya bi, magana ɗaya zai ji: rage tumbi, ka riƙa takawa da ƙafa, ka sake gwaji.

Ke kuma Hajiya, da kika ga 108 a na'urar kemis, bayan mako takardar asibiti ta nuna sukarin jini 6.0 (ba HbA1c ba) kika rangaɗa guɗa wai ruwan shuwaka ya yi aiki, ki ninka 6 sau 18 ki gani. Ma'auni ne ya bambanta, jinin na nan yadda kika bar shi.

Waɗanda suka fi ba ni dariya su ne masu jiran tururuwa ta taru a fitsarinsu kafin su yarda. Galibi sukari ba ya zubowa a fitsari sai ya haura wajen 180 a jini. Kafin likitarku tururuwa ta iso, an daɗe da wuce 126 ɗin da kowa ya amince da shi. Sai kuma ƙwararrun da ke biyawa ta teburin mai shayi tukuna: sukari cokali uku a cike, a huda gwangwanin madara a tsiyaye, "ɗan ƙara ɗaya, Malam", a haɗa da rabin burodi, sannan a miƙa yatsa a ce na'ura ce ta lalace. Buhunan sukarin da ake lodawa a kura a Singa kullum, a cikin wa kuke zaton suke ƙarewa?

Wuri ɗaya zan ba ku gaskiya. Gwajin yatsa ishara ce kawai, tabbaci sai an ɗebi jinin jijiya. HbA1c ma na iya ruɗi ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, kuma muna da su da yawa, don haka a faɗa wa likita tun farko.

Gobe da safe, kafin shayi, ku nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ɗebi jinin. In lambar ta fito, ku dawo mu ci gaba da gardamar.