Aljanun da suka zo a takardar ƙosai

Ni dai tun ina firamare ba mu taɓa shiri da lissafi ba. Malaminmu na aji biyar ya taɓa ɗaga takardar jarrabawata a gaban aji, ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa ganin yaron da aka ba shi tarawa ya dawo da asara ba sai ni. Don haka duk wanda ya san ni, in aka ce masa lissafi ya kusa kashe min aure, zai ɗauka kuɗin cefane ake nufi.

Ƙosai ne mafarin abin. Wata safiyar Asabar na aiki yaro ya sayo min na ɗari biyar, mai ƙosan ta ƙunso shi a wani shafi da aka yago daga tsohon littafin Turanci. Ina ci ina karantawa, don ni ko kwalin ashana na gani sai na karanta. Labarin wani malamin makaranta ne a ƙasar Indiya, D. R. Kaprekar, da ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a wani ɗan gari, Deblali, yana wasa da lambobi manyan masana suna yi masa kallon mara aikin yi. A 1949 ya fito da wani abu. Ka ɗauki lamba mai ƙwaya huɗu, kowace ce, muddin ba iri ɗaya ba ne duka kamar 1111 ko 7777. Ka jera ƙwayoyin daga babba zuwa ƙarami, ka sake jera su daga ƙarami zuwa babba, ka debe ƙaramar daga babbar. Abin da ya fito ka sake yi masa haka. Ba za ka wuce zagaye bakwai ba, sai ka faɗa kan 6174. In ka faɗa kuma ba fita, domin 7641 a debe 1467, 6174 ɗin ce dai.

A ƙasan shafin akwai sauran layi biyu, amma man gyaɗa da yaji sun cinye su. Ban damu ba.

Na gwada da 3524. 5432 a debe 2345, saura 3087. 8730 a debe 378, saura 8352. 8532 a debe 2358, sai ga 6174 ta yi min sallama. Na ajiye ƙosan. Na gwada da 1960, shekarar da muka samu ’yancin kai, ta wahalar da ni har zagaye bakwai cif, kamar yadda ƙasar take wahalar da kowa, amma daga ƙarshe can ta sauka. Na gwada da lambar gidanmu, da ƙarshen lambar wayar uwargida. Kafin azahar na cika bayan kalandar falo da lissafi.

Da mai hankali ne sai ya yi shiru da abinsa. Ni kuwa bayan isha'i na nufi teburin mai shayi, inda shekara goma ke nan ban taɓa cin musu ba, ko na ƙwallo ko na siyasa. Na rubuta 6174 a ’yar takarda, na ninke, na tura ƙarƙashin gwangwanin madara. Na ce kowa ya zaɓi lambarsa a zuci ya yi yadda na ce da wayarsa, in ya ga lambar ta daina canzawa ya yi magana. Mutum biyar suka duƙufa. Da suka gama na ce wa mai shayi ya ɗaga gwangwani. Wallahi shirun da aka yi har tafasar butar shayi ake ji. Wani tela da ke kusa da ni ya ja jikinsa ya koma ƙarshen benci.

A nan ne ya kamata in ba su labarin Kaprekar. Sai na gyara zaman hulata, na ce, “Ilimi kogi ne.”

Mai shayi ne ya fara cin ribar abin. Ya buɗe littafin bashi, ya ce bari ya gwada da nawa, Naira 4,350. Ya lallatsa waya ya lallatsa, can sai ya ɗago yana murmushi. “Malam, ashe 6,174 nake bin ka. Bakinka ne ya faɗa, kuma ga shaidu.” Ya soke tsohon ya rubuta sabon. Wani direban a-daidaita-sahu kuwa da lambar sirrin katinsa na banki ya yi, da ya ga ta rikiɗe sai ya tashi a guje ya je wajen mai POS ya duba ko kuɗinsa suna nan. Daga baya na ji mutum uku a majalisar sun mai da lambar katinsu 6174 don neman albarka, har da telan nan.

Kafin ranar Laraba labari ya gama unguwa, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri. Wata tsohuwa ta yi sallama da asuba, akuyarta ce ta ɓata. Wani saurayi ya tare ni a bakin masallaci yana raɗa, wai in taimaka masa da lambobin caca na wannan makon, za mu raba biyu. Na yi ta rantsuwa cewa lissafi ne kawai, ana cewa ai masu abin haka suke, ba sa yarda. Ranar Alhamis na dawo gida na tarar uwargida ta turare ɗakina da habbatussauda, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Baba ya ce ka je gobe bayan an sauko daga masallaci.”

Surukina tsohon hedimasta ne, mai ƙarancin magana, irin mutanen da in suka ce maka “to” sai ka kwana kana fassara ta. Na same shi a zaure a kan buzu, gefensa ga amininsa ladanin masallacin unguwarsu, riƙe da carbi mai dubu. Na tuɓe takalma tun daga waje, na tsuguna can nesa, na kwashi gaisuwa kaina a ƙasa.

“Malam, mun ji an ce ka fara duba.”

“Allah ya ƙara girma, Baba, wallahi lissafi ne. Wani Ba’indiye ne ya gano shi.”

Ladan ya dubi Baba. “Ka ji ko? Na Indiya ne. Su ne masu taurin kai.”

Baba bai kula shi ba. Ya ce shi bai ga laifin wasa da lamba ba, don a ƙasar nan ma an yi Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya zana ɗan hatimi mai gida tara da yatsa a ƙasa, daga 1 zuwa 9, ta ko’ina ka tara 15. “Wannan ma ƙidaya ce. In naka ƙidaya ce, nuna mana.”

Gabana ya daina faɗuwa. Wannan ai gidana aka zo. Amma kafin in fito da biro Ladan ya ce a dakata. Ya yi addu'o'i masu tsawo, ya tofa gabas da yamma, kudu da arewa, ya tofa wa biron, ni ma na samu rabona a goshi. Sannan Baba ya ce, a hankali, “2111.”

Na yi dariya a zuci. Lamba kamar marainiya. 2111 a debe 1112, saura 999. Na jera daga babba zuwa ƙarami, 999. Daga ƙarami zuwa babba, 999. Na debe.

Sifili.

Na sake yi. Sifili. Na juya takardar na fara daga farko, gumi yana ɗiga daga gemuna yana jiƙa lissafin, na fito da waya na lallatsa, ita ma ta ce 0, ba kunya ba tsoron Allah. Ladan ya miƙe tsaye, abin da gwiwoyinsa suka daɗe ba su yi da sauri haka ba. “Allahu akbar! Sun gudu! Alhaji, ka gani da idonka, sun bar shi fanko!”

Ku duba halin da nake ciki. In abin ya fito, ni boka ne. Da bai fito ba, na zama bokan da aka yi wa ruƙiyya ta ci. Na fara tunanin wace mota ce take tashi zuwa Legas da yamma.

Ana cikin haka autar gidan ta shigo da kwanon fura. Yarinya ce ’yar aji biyu a ƙaramar sakandare, wadda ba ta taɓa barin wata dama ta tsokanata ta wuce ba. Ta durƙusa ta ajiye, ta leƙo takardata.

“Yaya, ba ƙwaya huɗu ka ce ba? Waɗannan ai uku ne. Ina ka kai sifilin?”

“Wane sifili?”

Ta karɓi biron ta rubuta 0999. Ta jera: 9990 a debe 999, saura 8991. Daga nan 8082, sai 8532, sai ta ja layi biyu a ƙarƙashin 6174 kamar mai makin jarrabawa, ta miƙo min birona. Abin da man ƙosai ya cinye ke nan. Duk gwajin da na yi a bayan kalanda, sifilin yakan faɗo ne a gaban ƙaramar lamba, inda ko ka rubuta shi ko ka bar shi duk ɗaya ne, shi ya sa ban taɓa sanin yana da aiki ba.

Baba ya sha furarsa, sannan ya yi min karatu, ina tsugune. Ya ce duk lambar da ka hautsina ƙwayoyinta ka debe ɗaya daga ɗaya, abin da ya fito 9 za ta raba shi ba saura. Kuma debewar farko ba ta damu da komai ba sai tazara biyu, wadda ke tsakanin babba da ƙarami, da wadda ke tsakanin na tsakiya biyun. Shi ya sa lambobi kusan dubu tara suke tsukewa su koma 54 kacal tun a zagayen farko, kamar tumaki a ƙofar garke, daga nan kuma hanya ta yi ta ƙuntata. Masu ƙwaya uku ma suna da tasu matattarar, 495. Masu ƙwaya biyu kuwa ba su da wurin zama, sai dai su yi ta kewaya 09, 81, 63, 27, 45, su koma 09. Ya faɗi wannan yana dubana, ban san ko da wata manufa ba.

Ladan dai duk wannan bayani bai shige shi ba. Ya ɗauki takardar, ya kai ta kusa da hancinsa, ya ga 6174 da layi biyu a ƙasa. Ya dubi Auta, ya dube ni, ya lalubi takalmansa.

“Sun dawo,” ya ce. “Kuma yanzu yarinyar suka kama.”

Da daddare uwargida take gaya min, tana dariya har da riƙe ciki, wai tun ranar Laraba Baba da Auta suke zaune da tsohon littafin rajista suna neman lambar da za ta kayar da ni. Washegari tsohuwar nan ta aiko min da ƙwai shida, akuyarta ta dawo da kanta. Mai shayi kuwa na kai masa bayanin tazara biyu da lambobi 54, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce ya gamsu ƙwarai, saura 1,824 a kan abin da na biya.