Ranar da Na Ga Wata Biyu a Sanyinna

A Sanyinna duban wata aikin dattawa ne masu kaifin ido. Da magariba su fita bayan gari su ƙura wa yamma ido, wanda ya gani ya kai wa hakimi, hakimi ya aika fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, sai a ji sanarwa a rediyo. A 2013 azumi ya faɗo a watan Yuli, damina ta kankama, ni kuwa na ci alwashin wannan karon kayan zamani ne za su fara ganin wata.

Wajen wani ɗan gwanjo a Sakkwato na sayo madubin hangen nesa. An rubuta 10x50 a jikinsa, wato yana jawo abu kusa ninki 10, gilashin gaba kuma faɗinsa milimita 50. Mutumin ya rantse ko a gulbi na tsoma shi ba abin da zai same shi. Ranar duban wata na rataya shi a wuya, na hau babur daga Tambuwal. Ruwa ya yi mana dukan kawo wuƙa a hanya, sannan rana ta buɗe ta gasa mu.

Da magariba na hau tudu, yara sun yi mini zobe. Ina ɗora shi a ido, sai ga abu fari, siriri, a lanƙwashe. Na kanne ido ɗaya, ga wani a ɗaya ɓangaren.

"Allahu Akbar! Ga wata, har biyu!"

Wani dattijo ya matso yana dogara sanda. "Ɗana, ina kag gane su?"

Na juyo in nuna masa, madubin na manne a idona, sai ga watan zaune a kan rawaninsa. Na juya gabas, yana nan. Na duba ƙasa, ga shi a gadon bayan jaki.

Ashe ruwan nan ya kurɗa ta wajen abin murɗawa, rana ta mai da shi tururi, sanyin magariba kuma ya kwantar da shi a kan gilashi ta ciki. Hazon ne ya yi gefe kamar lauje. Na goge da bakin riga har hannuna ya gaji, alhali raɓar tana can inda yatsa ba ya kaiwa. Madubi na ƙwarai, da zoben roba ake toshe kowace kafa tasa, a fitar da iskar ciki a ɗura busasshiyar iskar naitirojin, don haka ba laimar da za ta zama hazo. Mai alamar IPX7 ma yana jure minti 30 a ruwa mai zurfin mita 1. Nawa kuwa, rantsuwar ɗan gwanjo kaɗai ce ta toshe shi.

Aka ce in binne shi a buhun shinkafa ta tsotse laimar. Uwargida ta zo awon tuwon sahur, ta ci karo da idanu biyu suna kallonta daga cikin buhu. Ihun da ta yi ya riga mai kiɗan sahur tada unguwa.

Daga nan sai wajen mai gyaran rediyo. Ya kwance shi, ya shanya a rana, ya mayar, ya miƙo mini da ragowar kusoshi a tafin hannu. Hazo ya tafi, amma gilasan ciki sun goce, komai biyu yake nunawa. Wani maƙwabcina Bafulatani ya leƙa garkensa da shi, ya daɗe bai sauke ba, sannan ya ce in faɗi kuɗinsa.