Mai Biya Daban, Mai Karatu Daban

A ƙasarmu, tun daga Talata Mafara har Bakura da Maradun, in aka ce gobe akwai taron littafi, ba mai tambayar abin da ke cikin littafin. Abin da ake tambaya shi ne, wa zai zo? In aka ce sanata zai aiko da wakili, to taro ya yi taro. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ɗauko janareta, a nemo sanƙira mai baki. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma, amma kowa ya san sai an sallame azahar. Uban taro ya zauna, shugaban taro ya zauna, babban mai ƙaddamarwa ya iso da jerin motoci. Marubucin kuwa, bawan Allah, yana can bayan rumfa cikin sabuwar shadda yana neman wanda zai ƙaro ruwan leda.

Sai a kira wani malami daga kwaleji ya yi sharhi. Duk rumfar shi kaɗai ya karanta littafin, shi ma jiya da dare. Yana tsakiyar bayanin jigo da salo sanƙira zai matso ya raɗa masa cewa manyan baƙi suna da wani taron a Gusau. Daga nan a shiga abin da ya tara mu. Alhaji wane ya sayi kwafi ɗaya a kan naira miliyan ɗaya, a yi tafi. Honorabul wane ya sayi biyar a madadinsa da iyalinsa, adadin kuma zai faɗa wa marubuci a kunne, a yi tafi mai ƙarfi, don kowa ya san fassarar wannan. Littafi ya tafi gida a kujerar bayan mota cikin ledarsa, cikinta kuma zai tsufa. Marubuci ya shiga sintirin gidajen manya yana bin alkawari, har masu gadi su riƙa gaishe shi da suna.

Yara ma ana kawo su, kada a yi mana ƙazafi. Ana ɗebo su daga makaranta cikin kayan makaranta su rera waƙar maraba, su cike kujerun baya don hoto ya yi kyau. Kafin a fara rabon abinci malaminsu ya kaɗa su waje. Ba wanda ya miƙa wa ɗayansu kwafi, ba wanda ya ce yaro, kana da tambaya?

Amma duk wanda ya ce yaranmu ba sa karatu bai shiga cikin gida bayan isha'i ba. Ga yarinya can ta dunƙule a kan tabarma, hasken waya ya haske mata fuska, Inna ta ƙwala kira har ta gaji. Da ta amsa sai ta ce, "Inna, bari in ƙarasa shafin ga." Uwayenta ma haka suka yi, sai dai nasu na takarda ne. Littattafan Kano suka riƙa zuwa a mota, a baje su ranar kasuwa, wanda ba ya da kuɗin saye ya karɓi haya ya maido gobe. Wa ya manta yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zagaye makarantun kwana bayan fitowarsa a 1991, ko yadda aka riƙa cusa littattafan Bilkisu Funtuwa a tsakiyar littafin lissafi? Malama ta kama ta ƙwace, ta yi faɗa, sannan ta kai ɗakin malamai a yi layi a kansa.

Yanzu hayar ta koma WhatsApp. Marubuciya ta saki shafukan kyauta, sai labari ya kai inda uwargida ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani, ta ce daga nan sai an biya, ga lambar asusu. Mutum ɗaya ta biya, ta tura wa ƙawaye, ƙawaye su tura wa dangi. Shi ya sa za ka ga an buɗe kowane shafi da Allah ya isa ga duk wadda ta fitar, kuma a haka, da Allah ya isan da komai, shafin ke iso mana. Wanda karatu ke yi wa wuya ya je wurin mai cajin waya a zuba masa na saurare. To ka ga yadda muka raba aikin ke nan: masu biya ba su karantawa, masu karantawa ba su biya, kuma ba a taɓa haɗa su a rumfa ɗaya ba.

Abin da ya tayar da maganar a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, wani yaron unguwa ne da ya dawo daga bautar ƙasa a Minna.

"Baba Malam," ya ce da tsohon hedimastanmu, "abin da nig gani can, ban taɓa ganin irinai ba. Biki guda, na ɗiyan sakandare, kuma su ka magana, manya na saurare."

Yana nufin bikin da cibiyar Hill-Top ke shiryawa, wadda marubuci B.M. Dzukogi ya kafa a Minna, bikin da ake kira HIASFEST. Ɗalibai ke zuwa daga jihohi daban-daban su yi gasar waƙa da gajeren labari da zane, wasunsu ma da littafin da suka wallafa da sunansu tun ba su kai shekara ashirin ba. Manyan marubuta su zauna da su, su duba rubutunsu, su ce nan ka yi daidai, nan ka yi sauri. Yawancin abin da Turanci ake yi, yaron bai ɓoye ba.

Mai shayi ya dakata da juya kofi. "To wa ab babban mai ƙaddamarwa?"

"Babu shi, Kawu."

"Wa ka sanar da kuɗɗi?"

"Ba a sanarwa."

"To mi anka taru yi?"

Aka yi dariya, amma tambayarsa ita ce tambayarmu duka. Mu a wurinmu taron da ba a kira suna da adadi ba, zaman hira ne.

Baba Malam ya gyara zama. Shi mutum ne mai bin labarai, rediyonsa ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Ya ce ai ba Minna kaɗai ba. A Amurka akwai wani gari, Charleston, da tun 2011 ake bikin littattafan matasa zalla, yara su yi dogon layi don marubuci ya sa musu hannu a littafi. Landan ma ta fara nata a 2014. Nan gida kuma Lola Shoneyin, wadda ta fara bikin Ake a Abekuta a 2013, ta kawo irinsa Kaduna a watan Yulin 2017, aka kira shi KABAFEST. Leila Aboulela 'yar Sudan ta zo.

"Kun san inda anka yi shi?" ya tambaya. "Gusau."

Muka ce Baba Malam, yanzu ka ce Kaduna.

"Cibiyar Gusau, ta Janar Aliyu Gusau. Tana Kaduna. Kun ga sunanmu ya halarci taro, mu muna nan muna shan shayi."

Ya ƙara da cewa a watan Oktoban 2021 Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka buɗe wani a Kadunan, HIBAF, wanda aka gina shi kan Hausa da marubutanta. Kuma macen da ake lissafawa ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, Hafsat Abdulwaheed mai So Aljannar Duniya na 1980, ta daɗe da zama a Gusau ta gaske. Ya ce shekarun da ya yi yana hedimasta, ko sau ɗaya bai zo masa a rai ya gayyato ta ta yi wa 'yan aji shida magana ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, 'yar Sakkwato ce Maryam Umar ta ci ta a 2020. Sakkwato fa, nan da nan, motar safe ta kai ka ta maido ka.

A nan tela ya shigo maganar, shi mutumin Maradun ne, zama ne ya kawo shi Mafara. Ya ce shi bai ga abin kai kai Minna ba. "Mu da munka ba duniya Ɗanƙwairo, wa za shi koya muna taron fasaha?"

Wani manomin rani ɗan Bakura, da ya kawo albasa kasuwa, ya ajiye burodinsa. "Ku kunka ba duniya? Ɗankadu anka haihe shi, ƙasar Bakura. Ku dai kunka ari suna."

Wannan gardamar ta girme mu duka, kuma tun da Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991 ba a raba ta ba. Mu mutanen Mafara mukan bari su gaji, sannan mu tuna musu cewa Sa'idu Faru, ko da yake Faru ƙasar Maradun ce, ubangidansa Sarkin Kudu Muhammadu Maccido a Mafara ya yi sarauta kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Kowa dai da abin da zai ja.

Ni kam ina ganin tela ya taɓo gaskiya ba da niyya ba. Mun san darajar mai fasaha, in dai da kotso ya zo. Makaɗi ba a ɓoye yake ba. Yaro ya gan shi da ido a ƙofar fada ranar sallah, ya bi shi a baya, ya ji yadda yake ɗora magana 'yan amshi suna karɓa, ya koma gida yana gwadawa da gwangwani. Haka ake gadon abin. Marubuci kuwa yaranmu ba su taɓa ganinsa yana tafiya a ƙasa ba. Suna ne a bangon littafi, ko hoton fure a WhatsApp. Yarinyar da ta cika littafin rubutu biyu da labarin da ta ƙago, ta ɓoye a ƙasan akwati, ba ta san cewa masu yin abin mutane ne irinta da ke cin tuwo su yi mura ba.

Kuma ba wai ba mu iya ɗora yaro a kan kujera manya su yi shiru ba. Je ka musabaƙa. Tun 1986 da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shirya gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, ake tace yara daga ƙaramar hukuma zuwa jiha. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta hau, alaramma da hakimi da ɗan majalisa duk su nutsu, ba mai duba agogo, ba sanƙiran da zai raɗa mata ta taƙaita. Tara jama'a ma ba a gaya mana. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Yariman Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari na Mafara a 2011, Bello Matawalle na Maradun a 2019. Wanda ya ga cikar garuruwan nan ranar gangami ya san rumfa da kujera ba su ne matsalarmu ba.

Akwai dai abin da ba a raha da shi. A shekarar da Kaduna ke buɗe bikin Hausa, mu ƙidayar yara muke yi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Mafara. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya, ƙasar Maradun. A wannan tsakanin aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka yanke layukan waya, har labaran da ake bi a WhatsApp suka tsaya cak a inda suke. Uban da ya ga wannan, in ka ce masa ya ba ka ɗiyarsa a tara ta da ɗaruruwan yara wuri ɗaya, dole ya dube ka sau biyu. Marubucin da za a gayyato daga Kano shi ma sai ya tambayi lafiyar hanya kafin ya tambayi masauki. Da aka zo nan majalisa ta yi tsit, mai shayi ya ƙara wa kowa ruwan zafi ba a roƙa ba.

Yaron Minna ne ya farfaɗo da ita. Ya ce ai ba sai an yi gagarumi ba. Yini guda, da rana tsaka, cikin gari, a ɗakin taro na kwalejin Abdu Gusau ko makarantar da ke da katanga. Marubuta uku sun isa, biyu mata. Kowane yaro ya koma gida kafin la'asar da littafi a hannu.

Nan take aka kafa kwamiti, don mu ba mu da wuyar kafa kwamiti. Ɗan Bakura ya ce a Bakura za a fara. Tela ya ce in ba Maradun ba, to a cire sunansa. Muka ce jami'ar jiha da kwaleji duk a Mafara suke, magana ta ƙare. Aka koma kan rana: Talata kasuwa, Juma'a masallaci, Asabar ɗaurin aure, damina gona, rani kowa yana fadamar Bakolori. Wani daga ƙarshen benci ya ce shi dai a fara tsayar da uban taro. Baba Malam ya dafe kai.

Mai shayi, da tun ɗazu yake ta kushe abin, ya sunkuyo ya rage murya.

"In dai da gaske kukai, ku kawo min waccan da ta rubuta labarin direban tanka da matanai ukku. Wata nawa ina saurare wayar uwargida, tana kai inda amarya taz zuba abu cikin hura, tat tsaya. Wai sai an biya."

"To ka biya mana, Kawu," in ji yaron.

"Ni? Ai an ce ƙanwar matar tela ta biya. Ita mukai jira ta turo."