Gashin Gida a Kudancin Kogin Kaduna

Gashin gida na zamani, wanda masu yinsa a Barnawa da Narayi suka fi so a kira "babikiyu", aiki ne na yammacin Asabar, kuma yawancin masu yinsa magidanta ne da ko ruwan shayi ba su taɓa ɗorawa ba. A Asabar ɗin da ta wuce an ga cikakken samfurinsa a wani gidan haya da ke Sabon Tasha, inda hayaƙi ya bi ta kan shanyar maƙwabta tun la'asar, har yanzu zannuwan gadonsu suna tashin ƙauri da tayim.

Kayan aikin biyu ne. Na farko murhu, wanda akan yi da rabin ganga ko da rim ɗin tsohuwar Fijo 504, irin wadda kamfanin da aka buɗe a Kakuri a 1975 ya riƙa haɗawa. Masaƙun unguwar, tun daga masaƙar KTL ta 1957, sun daɗe da yin shiru, amma rim ɗin Fijo yana nan yana aiki ba hutu ba fansho. Na biyu ragar ɗora nama, wadda a mafi yawan gidaje murfin fankar falo ce.

Sha'anin fankar nan yana buƙatar bayani. Akan kwance murfinta na gaba a ɗora a kan garwashi, sannan a jawo ita kanta fankar tsirara zuwa tsakar gida domin ta hura gawayi. Fanka ɗaya ke nan tana aikin raga da na mafici a lokaci guda, in akwai wutar lantarki. In aka ɗauke, sai a kira ƙaramin yaro da murfin bokiti. Fentin murfin yakan narke ya bi naman, abin da maigida ke kira "ɗanɗanon hayaƙi". Masu lura sun ce ana gane gidan da aka yi gashi ko bayan wata uku: da zarar an kunna fanka, falo ya gauraye da ƙamshin kitse, kyanwar gida ta zauna a gabanta tana jiran rabo.

Sai kayan haɗi. Yajin tsire sananne ne: ƙuli-ƙuli, barkono, citta, kanumfari, masoro da gishiri. Mai gashin gida ya raina wannan, domin bai gan shi a TikTok ba. Shi nasa ya ƙunshi zuma, kori, yogot, lemon kwalba, garin kofi, da uwa uba abarba. Abarba tana da wani sinadari mai narka tsokar nama, kamar yadda ganyen gwanda yake yi, kuma ɗan lokaci kaɗan ya ishe ta. Maigida kuwa kwana yake sa naman ya yi a ciki, sai a wayi gari tsinke ya kasa riƙe shi, yana zubowa ta ramukan murfin fanka kamar fate. Wanda ya tsira, zuma ce ke ƙarasa shi, don sukari ya fi nama saurin ƙonewa: waje gawayi, ciki jini.

A nan ne wasan yake daina ba da dariya. Naman da aka lalata kuɗin cefanen mako ne. Uwargida ce ta tafi kasuwar Monday ta Kakuri a cikin rana, ita ta yanka albasa da kabeji, 'ya'yanta ne za su kankare murfin fanka da soson ƙarfe, amma hoton da zai hau Facebook na maigida ne riƙe da cokali mai yatsu. Mai tsiren bakin titi ya shekara goma yana soke nama a tsinke a tukubar ubangidansa kafin a bar shi ya juya ko tsinke ɗaya. Maigida bidiyon minti biyu ya kalla.

Matakin ƙarshe yakan zo wajen ƙarfe tara. Akan aiki yaro ta ƙofar baya zuwa wurin mai tsire, ya sayo balangu a takarda, a juye a faranti, a barbaɗa masa tayim kaɗan don ɓad da sawu. Baƙi su ci su yaba, wani ma ya nemi a rubuta masa yadda aka haɗa. Murfin fanka kuma akan mayar da shi ranar Litinin, a ɗaure da waya, tunda kusoshinsa sun faɗa cikin toka.