Ranar da na bi babbar riga

A Dakoro ƙa'idar ƙetare hanya ranar kasuwa guda ɗaya ce: ɗaga hannu, yi bisimilla, kutsa. Mun ɗauki tafin hannun nan tamkar birki. Shi kuwa ɗan kabu-kabu gani yake da ya danna oda ya sauke nauyi, sauran kuma tsakaninka da Ubangijinka.

Ran nan na sayo nono cike da kwano wajen wata Bafillatana, na tsaya bakin gudurun ina lissafi. Ga motocin Maraɗi sun danno da kaya har sama, ga amalanken shanu, ga raƙumin wani Buzu yana kallon kowa a wulaƙance. Sai wani dattijo ya tsaya gefena, babbar riga ta shadda tana ƙyalli, rawani ya zauna daram. Zuciyata ta ce mutum mai irin wannan shiga ai mota ma kunyarsa take ji.

Kada ku yi mini dariya tukuna. A 1955 wasu masana sun gwada abin a birnin Austin na Amurka: mutum guda ya riƙa ƙetare titi alhali wuta ta hana, wani lokaci cikin kwat, wani lokaci cikin tsofaffin kaya. Waɗanda suka bi mai kwat sun fi yawa nesa ba kusa ba. To, ni shadda na bi.

Ya ɗaga ƙafa, na ɗaga. Na ƙara sauri, ya ƙara. Muna tsakiyar hanya babur ya ɓullo daga bayan amalanke. Na ja baya, dattijo ya ja baya, na taka bakin rigarsa, muka zube tare. Kwano ya yi sama, nono ya sauko bisa rawani, yana ɗiga ta gemu.

"Baba, ashe ba ku duba hanya ba?"

Ya share fuska. "Ni? Idona bai gani sosai, ɗana. Na ga tabarau da biro ga aljihu, na ce wanga mushe ne, shi nika bi."

A wajenmu mushe malamin lakkol ne. A Kano kuwa dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Saura ƙiris in cika ma'anar duka biyun.

Ɗan kabu-kabun ya juyo, ya dube mu a ƙasa, ya ce, "Ai na yi oda."