Gwanayen Ruwa a Ƙasar Duwatsu

Nijar ba ta da teku, tudun Adar kuwa cikin bazara ko ruwan alwala sai an yi shawara kafin a zuba. Amma bari damina ta sauka, Majiya ta kawo, madatsun Keita su cika, tabkunan Buza da Madawa su tumbatsa. Nan take za ka rasa inda gwanayen ruwa suka ɓuya duk tsawon rani. 'Yan watanni ruwan yake yi yana baƙunta, cikin watannin nan kuwa kowa Sarkin Ruwa ne.

Mai fara isowa bakin tabki shi ne Ɗan Abijan. Shekarunsa na bida duka a kasuwar Ajame ya yi su, yana yawo da kaya a ka. Wata Lahadi abokai suka ja shi bakin teku a Basam, ya naɗe wando, ruwa ya taɓa masa idon sawu, aka ɗauki hoto. Hoton nan shi ne takardar shaidarsa. Yana tsayawa ya goya hannu a baya, ya dubi tabkin da tausayi, ya ce, "Wanga shi kuka kira ruwa? Allah sarki." In yara suka ce, "To Kawu, shiga ka gwada muna," sai ya ce jikinsa ya saba da ruwan gishiri, na daɗi ba ya ɗaukarsa. Abin haushin shi ne yana da 'yar gaskiya, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, ya kuma fi tallafe mutum. Ta hanyar da ya san haka ne dai ba a bincika.

Kusa da shi akwai Ɗan Lakwal mai waya. Wannan ya kalli Turawa suna nutso a gefen tsibirin Zanzibar har kuɗin intanet ɗinsa suka ƙare, ya ga kunkurun teku da kifaye masu launi suna kiwo cikin murjani, kuma duk abin da zai gaya maka daidai ne. Ya san Bafaranshe Kusto da abokin aikinsa Ganyan suka haɗa na'urar numfashin masu nutso a 1943. Ya san tulun da ake goyawa iskar da muke shaƙa ce aka danna a ciki. Ya san kowane mita 10 da ka sauka ruwa na ƙara matse ka, masu nutson nishaɗi ba sa wuce mita 40, kuma wanda ya taso da gaggawa iska za ta yi kumfa cikin jininsa. Sai dai tabkin garinsu iyakarsa ƙirji, ruwan kuma ja wur da laka, ko tafin hannunka ba ka gani. Duk da haka ya sayo tabarau a kasuwar Ƙonni, ya ari doguwar mesa daga injin ban-ruwan albasar yayansa, ya ba ƙanensa baki ɗaya ya riƙe a sama, shi ya cusa ɗayan a baki ya nutse. Abin da wayar ba ta gaya masa ba shi ne, da an yi ƙasa kamar mita guda ƙirjin mutum ba ya iya jawo iska ta mesa, ruwa ya riga ya danne shi. Ya taso yana tari, ya ce mesar ce ta jabu. Yayan kuwa har yau bai san dalilin da ya sa injinsa ke aman laka ba.

Mai Laya ba ya ɗaukar lokaci. An haɗa masa asirin da ruwa ba ya cin sa, da tsada ya saya, kuma yana da tabbaci a kai. Sharaɗi ɗaya malamin ya gindaya: kada layar ta jiƙe.

Wadda ya kamata a saurara ita ce ba a saurara, wato Inna mai wanki a kan dutse. Ba ta taɓa ninƙaya ba, ba ta kuma da niyya. Aikinta ihu: "Kai ɗan nan, hito! Rana tsaka ba a shiga, masu wurin suna nan!" Ta san 'yan ruwa, ta san abin da Sarkin Rafi yake so da abin da ba ya so, ta san ɗan wane da aka janye wa ƙafa shekarar kaza. Ɗan Lakwal yana mata dariya. Amma a duk taron nan ita kaɗai ta taɓa ganin gindin ruwan da idonta, domin ta tsaya a cikinsa tun yana busasshen kwari. Lokacin da aka buɗe aikin raya ƙasar Keita a 1984, da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, maza da yawa sun tafi bida, mata ne suka fi ɗaukar duwatsu a ka, ana biyansu da abinci. Da hannunsu aka jera ganuwoyin tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka tada madatsu, daga baya aka zuba kifi. In ta nuna wani wuri da muciya ta ce akwai rami, to akwai rami, ta yiwu ma ita ta haƙa shi. Ta dai gane cewa yaro ba ya tsoron rami, aljani yake tsoro. Ni kam da za ta ƙara dodon koɗi cikin jerin masu wurin, da na fi murna, don shi ke rainon ƙwayar tsargiya, kuma yaran da ke fitsarin jini bayan damina sun fi waɗanda aljani ya ja yawa nesa ba kusa ba. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar shaidar haka. Tsargiya tana nan.

Sai Mai Giwan Ruwa. Ya taɓa raka wani masunci Tabalak, can kan hanyar Tawa zuwa Agadas, inda ake kama tarwaɗa da karfasa, ranar sa'a har da giwan ruwa. Kifin da ya gani ranar bai daina girma ba. Bara iyakarsa tsawon hannu, bana sai da mutum biyu suka ɗaga shi, baɗi in Allah ya kai mu amalanke za a kawo. Yana da niyyar zuwa Argungu ya shiga kogin Matan Fada da gora da koma, abin da ya tsayar da shi canjin Naira ne.

Akwai kuma wanda ke nutso da mota. Direba ne, ya iso bakin ƙorama ta ɗauko ruwan tudu tana tafe da itatuwa. Fasinjoji suna cewa, "Maigida, mu dakata ya wuce." Shi ko ya leƙo da kai, ya auna ruwan da ido, ya ce ya san wurin nan tun yana yaron mota. Ruwan ƙorama sa'o'i kaɗan yake yi ya janye. Motar da ta shiga kan yi kwanaki a gareji. Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin dariya.

In ana neman mai nutso na ainihi, ba a bakin tabki yake ba. Yana can cikin gari an kira shi: guga ta faɗa rijiya, ƙugiya ta kasa, ko akuya ta zurma. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya sauka gaba ashirin ko fiye cikin duhu, inda iskar kanta kan lalace ta kashe mutum ba ihu. Ya nutse ya lalubo abin da hannu, ya girgiza igiya a jawo shi. Mai gugar ya dube shi ya ce, "Haba Malam, jika guda don wagga tsohuwar guga?" A yi ciniki, a tsaya kan rabi. Ba shi da hoto ko ɗaya. Abokiyar sana'arsa a ƙasar nan gaiwa ce, kifin da in tabki ya ƙafe take shigewa cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana shaƙar iska, ta kwana nan har wata damina.

Mushe, malamin lakwal, shi ke zuwa da la'asar, aljihunsa cike da duwatsu. Kan tsaunukan Keita da Buza yake tsinto su: koɗin da ya zama dutse, bushiyar teku da ta daskare da zanenta, haƙoran kifi. Yana jera su a tafin hannu yana bayani cewa masana sun ce fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce duk yankin nan ƙarƙashin teku yake, farin dutsen da ake toyawa a yi siminti a Malbaza ma ragowar halittun tekun ne. Wato mai son ganin dabbobin teku a Adar, hawa zai yi, ba nutso ba. Wani dattijo ya karɓi dutsen, ya juya shi, ya sansana, ya mayar masa.

"To Mushe," in ji shi, "duk wanga ruwa, wa ya shanye shi? Kuma ina gwamnati take?"